Aibi da Gyara: Nauyin Kuskuren Manhajar Bidiyo a Ma'aunin Fiƙihu

Gabatarwa

Ɗaukar bidiyo ta daɗe da shiga harkokin yau da kullum na karkarar arewacin Kano, kuma garuruwan da ke shan ruwan madatsar Watari, a ƙaramar hukumar Bagwai da maƙwabciyarta Bichi, suna cikin wannan sauyi. A wannan yanki da gonaki suka haɗe da gidaje, ake noman damina da na rani a jere, ana kiran mai kyamara ya ɗauki ɗaurin aure da walimar saukar Alƙur'ani da maulidi da musabaƙa da tafsirin watan azumi, sannan ya koma shagonsa ya juye abin da ya ɗauka a kwamfuta, ya yanke, ya haɗa, ya matse shi har ya zama ƙaramin fayil da za a iya turawa a waya. Ban da wannan, akwai tsofaffin kaset-kaset na karatun malaman da suka rasu, irin su Sheikh Abubakar Mahmud Gumi da ya rasu a 1992, da Sheikh Nasiru Kabara da ya rasu a 1996, da Sheikh Ja'afar Mahmud Adam da aka kashe a 2007, waɗanda almajirai da masoya suke mayarwa cikin kwamfuta domin kada zaren kaset ya ruɓe ya tafi da karatun.

Kowane mataki na wannan aiki yana ratsawa ta cikin manhaja, wato jerin umarnin da wani mutum ya rubuta domin kwamfuta ta bi, kuma babu manhajar da ta kuɓuta daga aibi, wato kuskuren da ke cikin umarnin wanda yake sa ta aikata abin da marubucinta bai nufa ba. Wannan ne ya sa masu rubuta manhaja suke fitar da sabon zubi lokaci bayan lokaci, tare da jerin abubuwan da suka gyara. Mai hangen wannan jeri daga nesa zai ɗauke shi lamarin injiniyoyi kawai, amma a ƙarƙashinsa akwai tsohuwar tambaya ta addini da falsafa: idan shari'a ta ɗauke zunubi daga wanda ya yi kuskure ba da gangan ba, mene ne yake wajabta gyara, wa nauyinsa ya hau, kuma wane irin gyara ne yake sauke nauyin? Abin da wannan maƙala take son tabbatarwa shi ne cewa yafe kuskure bai taɓa nufin yafe gyaransa ba, kuma gyaran da ya cika amana shi ne wanda aka bayyana shi, aka bar masa sawun da wani zai iya bi ya duba.

Ƙofofin da aibi yake shigowa

Abin da ido yake gani a matsayin motsi hotuna ne tsayayyu da ake jerawa da sauri, kuma kowannensu ana kiransa firam. Tsarin talabijin na PAL, wanda Nijeriya ta bi a zamanin kaset, yana nuna firam 25 a kowane sakan, abin da ya kama firam 90,000 a awa guda. Shi kuwa sauti ana mayar da shi lambobi ne ta hanyar auna shi sau dubbai a kowane sakan, galibi sau 48,000 a kyamarar DV, da sau 44,100 a faifan CD. Aikin manhajar ɗauka shi ne ta karɓi hoto da sauti, waɗanda sau da yawa suke shigowa ta ƙofofi daban-daban, ta ɗaure su wuri guda yadda motsin leɓe zai dace da furuci.

Matsala ta farko tana tasowa ne daga cewa na'urar da ke ƙirga hoto da wadda ke ƙirga sauti kowace da agogonta, kuma da wuya agogo biyu su tafi daidai wa daida. Idan bambancinsu ɗaya ne kacal cikin 10,000, to a cikin awa guda sauti zai zame wa hoto da sama da kashi ɗaya cikin uku na sakan, wato firam 9, kuma a karatun da ya kai awa biyu zamewar za ta ninka. Ma'aunin da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta fitar ya nuna cewa mai kallo yana fara lura da saɓani tun sauti ya riga hoto da kashi 45 cikin 1,000 na sakan, ko ya makara da kashi 125. Manhajar VirtualDub, wadda Avery Lee ya rubuta domin kwamfutocin Windows kuma ya sake ta kyauta, ta tanadi hanyoyi biyu na magance wannan zamewa: ko a ɗan miƙa sautin ko a ɗan taƙaita shi domin ya bi hoto, ko kuma a ƙara firam ko a zubar da shi domin hoto ya bi sauti. Kowace daga cikin hanyoyin tana taɓa abin da aka ɗauka, saboda haka maganin kansa zaɓi ne tsakanin ƙananan asarori biyu.

Matsala ta biyu tana fitowa daga iyakar da aka gina tun farko ba tare da hangen gobe ba. Kamfanin Microsoft ya fitar da nau'in fayil na AVI a 1992, lokacin da faifan ajiyar kwamfutoci da yawa bai kai ko kusa da gigabait ɗaya ba, kuma manhajoji da dama suna ƙirga girman fayil da lamba mai gurbi 32 wadda ba ta iya wuce 2,147,483,647, wato kimanin gigabait 2. Da kyamarar DV ta zo tana cin kusan gigabait 13 a awa guda, sai ya zama wannan iyaka tana cika cikin ƙasa da minti 10, bayan haka fayil ya lalace ko ɗauka ta tsaya. An faɗaɗa tsarin a 1996 da abin da aka kira OpenDML, amma sai da kowace manhaja ta yi nata gyaran kafin faɗaɗawar ta amfani masu aiki da ita.

Matsala ta uku ita ce zubewa, wato lokacin da kwamfuta ta kasa rubuta abin da ke shigowa da saurin da yake shigowa, ko kaset ya tsufa har siginarsa ta raunana, sai wasu firam ko guntun sauti su ɓace ba tare da sanarwa ba. Ko guntun da bai kai rabin sakan ba, ya isa ya haɗiye harafin korewa daga bakin malami, ya bar mai sauraro cikin ruɗani ko ya juya masa hukunci. Akwai kuma aibin da ya shafi tsaro, inda ake iya ƙera fayil na bidiyo da gangan domin ya rikita manhajar da ta buɗe shi. A watan Janairun 2014 wasu injiniyoyin Google biyu, Mateusz Jurczyk da Gynvael Coldwind, suka bayyana cewa gwajin da suka yi na kimanin shekara biyu ya kai ga gyara aibi sama da 1,000 a FFmpeg, manhajar da Fabrice Bellard ya fara a 2000, wadda manhajojin bidiyo masu yawa suke jingina da ita ta ƙarƙashi.

Dalilin da ya sa gyara ba ya ƙarewa

Wani zai iya tsammanin cewa yawan aibi alama ce ta sakaci kawai, kuma da masu rubuta manhaja sun ƙara kula da an wayi gari babu abin gyarawa. Ilimin lissafi bai goyi bayan wannan fata ba. A 1936 masanin lissafi ɗan Ingila, Alan Turing, ya kafa hujja cewa babu hanya guda ta lissafi da za ta duba kowace manhaja ta yanke hukunci a kan ko za ta kammala aikinta ko za ta ci gaba da juyawa har abada, kuma daga nan aka fahimci cewa ba za a ƙera na'urar da za ta tantance lafiyar dukkan manhajoji ba. Daga baya Edsger Dijkstra, masanin kwamfuta ɗan ƙasar Holan, ya jawo hankali a wajajen 1970 cewa gwaji yana iya tona aibin da ke nan, amma ba ya zama shaidar cewa aibi ya ƙare. A manhajar bidiyo lamarin ya fi tsanani, domin tana hulɗa da ɗaruruwan kyamarori da katunan ɗauka da nau'o'in fayil waɗanda marubucinta bai taɓa riƙe yawancinsu a hannu ba, kuma gyaran da aka yi domin wata kyamara yana iya ɓata aikin wata, garin neman gira a rasa ido. Shi ya sa ƙwararru suke sake gwada tsofaffin ayyukan manhaja bayan kowane gyara.

Musulmi ba ya ganin wannan a matsayin baƙon labari. Aya ta 82 ta Suratun Nisa'i ta sanya rashin saɓani a cikin Alƙur'ani hujjar cewa daga Allah yake, abin da ke nuna cewa duk abin da waninsa ya tsara ba ya rasa saɓani, kuma farkon Suratul Mulk ya ƙalubalanci mai dubawa ya nemo giɓi a halittar sammai ya ga ko zai samu. Kamala siffa ce ta Mahalicci, shi kuwa ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Sai dai wannan gaskiya tana iya kai mutum ga ɗayan ɓata biyu. Na farko shi ne ya mayar da tawayar ɗan Adam da ƙaddara mafaka, duk lokacin da aiki ya lalace ya ce haka Allah ya so, ko ya ce halin na'ura ne, ya naɗe hannu. Amsar wannan tana cikin abin da Bukhari ya ruwaito game da Sayyidina Umar, lokacin da ya juya daga hanyar Sham saboda labarin annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya bayyana cewa matsawa yake daga wata ƙaddarar Allah zuwa wata ƙaddarar Allah. Aibi ƙaddara ne, gyaransa ma ƙaddara ne, kuma na biyun ne aka ɗora wa bawa nema. Ɓata na biyu shi ne ya ji kunyar tawayarsa har ya ɓoye ta, ya nuna wa mutane aikinsa kamar marar aibi, wanda a haƙiƙa da'awar wata siffa ce da ba tasa ba.

Bambanci tsakanin zunubi da lamuni

Alƙur'ani ya raba tsakanin abin da zuciya ta nufa da abin da aka yi bisa kuskure, kamar yadda ya zo a aya ta 5 ta Suratul Ahzab, kuma addu'ar da ta rufe Suratul Baƙara ta ƙunshi roƙon kada a kama bawa da mantuwa ko kuskure. Amma a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i an wajabta diyya da kaffara a kan wanda ya kashe mumini bisa kuskure. Daga haɗa waɗannan nassoshi malaman fiƙihu suka bambanta zunubi, wanda yake rataye da niyya kuma tsakanin bawa da Ubangijinsa yake, da lamuni, wato wajabcin biya ko mayar da abin da ya lalace, wanda yake rataye da haƙƙin wanda aka cutar. Suka kafa ƙa'ida cewa a dukiyar mutane ganganci da kuskure ɗaya suke ta fuskar biya, domin asarar wanda aka yi wa ɓarna ba ta raguwa saboda tsarkin zuciyar wanda ya yi ta.

Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 386 bayan Hijira, daidai da 996, kuma har yau ake karanta shi a zaurukan Kano da ƙauyukanta, ya ƙunshi hukunce-hukunce biyu da suka shafi wannan batu kai tsaye. Na farko shi ne haramcin ɓoye aibi a ciniki, tare da ba mai saye zaɓin riƙe kaya ko mayar da su idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Tushen wannan yana cikin hadisin da Muslim ya ruwaito, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai shi a kan rashin fito da jiƙaƙƙen sama inda mutane za su gani. Abin lura shi ne ba a zarge shi da jiƙewar abincin ba, tunda ruwan sama ne ya jiƙa shi; ɓoyewar ce aka kira ha'inci.

Hukunci na biyu shi ne lamunin masu sana'a, wato cewa wanda ya kafa kansa domin yi wa jama'a aiki, kamar maɗinki ko marini, idan ya karɓi kayan mutum ya tafi da su bayan idonsa suka salwanta, to shi zai biya, ko da lada ya yi aikin ko kyauta, sai fa idan shaida ta tabbatar da cewa salwantar ba daga gare shi take ba. Imam Shaɗibi, wanda ya rasu a 790 bayan Hijira, ya kawo wannan hukunci a matsayin misalin maslaha, domin da an gaskata kowane mai sana'a da bakinsa da dukiyar mutane ta tozarta. A bisa ƙiyasi, mai shagon bidiyo a Bagwai ko Bichi da ya karɓi kaset guda ɗaya tilo na karatun wani malami, ko ya goge katin kyamara kafin ya kalli abin da ya juye daga farko zuwa ƙarshe, yana cikin ma'anar wannan hukunci, kuma faɗin cewa manhaja ce ta yi kuskure ba ya wanke shi, tunda shi ya zaɓe ta kuma shi ya bar dubawa. Nauyinsa ma ya fi na maɗinki ta wata fuska, domin ana iya sayen wani yadi, amma ba a sake ɗaura auren da aka ɗaura, kuma malamin da ya rasu ba ya maimaita karatu.

Matsayin marubucin manhajar kyauta ya fi wuyar tantancewa. Shi bai sayar da komai ba, bai karɓi kayan kowa ba, kuma lasisin GPL da Richard Stallman ya fara fitarwa a 1989, wanda VirtualDub take ƙarƙashinsa, ya bayyana a fili cewa ana ba da manhajar ne ba tare da wani lamuni ba. Saboda haka babu ƙofar neman biya daga gare shi. Amma sanin aibi yana sauya hukuncin shiru: kafin ya sani kuskure ne da aka yafe, bayan ya sani kuwa barin mutane su ci gaba da dogara da abin da ya san ya karye zaɓi ne da ya yi da hankalinsa. Manoman Watari sun san wannan a magudanan ruwan da suka taso daga madatsar da aka gina a ƙarshen shekarun 1970: idan magudana ta tsage a sama, wanda gonarsa take can ƙarshe shi ne tumatirinsa yake bushewa, alhali bai ga tsagar ba kuma ba shi da ikon toshe ta, don haka wanda ya gani ya yi shiru yana da hannu a bushewar ko da ba shi ya tsaga ba. Mafi ƙarancin abin da ke kan marubucin shi ne sanarwa, kuma akwai kyakkyawan misali a VirtualDub kanta, wadda idan ta buɗe fayil na AVI mai sautin MP3 da nauyinsa ke hawa da sauka take gargaɗin mai aiki cewa sauti zai iya zame wa hoto, har ta ƙiyasta masa yawan zamewar. Abin da ya wuce sanarwa, wato zama a gyara, yana shiga babin kyautatawa da hadisin Shaddad ɗan Aus ya ce Allah ya rubuta ta a kan kowane abu. Ba a ɗaure mutum ɗaya da wannan hidima har mutuwa ba: zubin VirtualDub mai lamba 1.10.4 ya fito a 2013, kuma da yake rubutun asalinta a buɗe yake ga kowa, wasu suka ɗauka suka ci gaba da shi da sunan VirtualDub2, abin da ya yi kama da farilla ta kifaya, wadda idan wasu suka tsaya mata ta sauka daga kan saura.

Ladubban gyara a wurin malaman hadisi

Da zarar an yarda cewa gyara wajibi ne, sai tambayar yadda za a yi shi ta taso, kuma a nan babu al'ummar da ta kai malaman hadisi zurfin tunani, domin su ma aikinsu juye magana ne daga wani mazubi zuwa wani ba tare da ta sauya ba. Alƙali Iyal, malamin Malikiyya da ya rasu a 544 bayan Hijira, daidai da 1149, wanda Hausawa suka fi sani da littafin Ashafa da ake karantawa a watan azumi, ya rubuta wani littafi mai suna Al-Ilma'u a kan ƙa'idojin ruwaya da rubutu, kuma Ibnus Salah, wanda ya rasu a 643 bayan Hijira, ya tattara waɗannan ƙa'idoji ya tsara su a Muƙaddimarsa. Ƙa'ida ta farko ita ce muƙabala, wato gwada kwafi da asalinsa bayan an gama rubutu, kuma ba su ɗauki littafin da ba a gwada ba a matsayin abin dogaro. Wannan tarbiyya tana nan a tsangayun ƙasar Hausa, inda almajiri yake kai allon da ya rubuta gaban malami a duba kafin ya shiga haddace shi, kuma alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka yake miƙa shi ga wasu mahaddata su bi shi.

Ƙa'ida ta biyu ta shafi abin da aka tsallake: ana rubuta shi a gefen shafi, a ja ɗan layi daga gurbinsa zuwa gare shi, sannan a sa alamar inganci a ƙarshensa, yadda mai karatu zai san cewa an yi tsallake kuma an cike. Ƙa'ida ta uku ta shafi abin da aka rubuta bisa kuskure, inda da yawansu suka fifita a ja layi a kansa a bar shi yana karantuwa maimakon a kankare shi da wuƙa, saboda kankarewa tana jawo zargi kuma tana hana wanda zai zo daga baya gane ko gyaran ne daidai ko abin da aka goge. Jerin gyare-gyaren da ke tafe da kowane sabon zubin manhaja, da lambar da ake ba kowane zubi, da ajiye tsohon zubi inda za a iya komawa gare shi, suna yin aikin wannan layi da ake ja a bar rubutu yana karantuwa. Wanda ya karanta cewa zubi kaza ya gyara zamewar sauti a wani nau'in fayil zai gane cewa ayyukan da ya yi da tsohon zubi suna bukatar sake dubawa, amma idan an yi gyaran a ɓoye, an kare ayyukan gobe ne kawai, na jiya kuwa suna ci gaba da yawo da aibinsu. Komawa ga gaskiya a bainar jama'a bai taɓa rage darajar malami ba: wasiƙar Sayyidina Umar zuwa ga Abu Musa Al'ash'ari ta hori alƙali kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi sauyawa idan daidai ya bayyana masa, kuma almajiran Imam Shafi'i, wanda ya rasu a 204 bayan Hijira, sun kiyaye tsofaffin fatawoyinsa na Iraƙi da sababbin na Masar kowanne da sunansa.

Iyakar gyara da nauyin mai amfani

Akwai ƙa'ida ta huɗu da ta fi sauran dacewa da zamanin tace bidiyo. Idan marubucin hadisi ya tarar da kalmar da ta tabbata haka a ruwaya amma yana ganin akwai matsala a lafazinta ko ma'anarta, ba ya sauya ta da ra'ayinsa. Yana sa wata ƙaramar alama a kanta da ke nuna cewa haka aka karɓo ta kuma an lura da matsalar, domin wataƙila wani mai ilimi ya zo ya ga fuskar da shi bai gani ba. Darasin shi ne akwai bambanci tsakanin gyara kayan aiki da gyara shaida. Dawo da sauti ya dace da leɓe, ko rage ƙarar iska da ta rufe murya, mayar da abu ne zuwa yadda ya faru. Yanke tuntuɓen harshe na malami, ko cire sharaɗin da ya gindaya kafin hukunci, ko haɗa jimlar farkon karatu da ta ƙarshensa, ƙirƙirar abin da bai faru ba ne, ko da manhaja ɗaya ce take yin duka biyun kuma ko da niyyar mai tacewa kyautatawa ce. Wanda ya ga dole ya yanke, to ya bayyana cewa an yanke, ya kuma adana asalin. Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ta bi ta kusa da wannan ma'ana a sashe na 84, inda ta gindaya cewa kafin kotu ta karɓi abin da kwamfuta ta fitar sai an nuna cewa kwamfutar tana aiki daidai a lokacin, ko kuma matsalar da ta samu ba ta taɓa ingancin abin da ta fitar ba.

Mai amfani da manhaja shi ma yana da rabonsa. Marubucin da ke wata ƙasa ba zai san abin da manhajarsa take yi da tsohon kaset ɗin da ya sha zafi da ƙurar hunturu a Kano ba sai wani ya gaya masa, kuma hadisin Tamimud Dari da ya tattara addini a cikin nasiha ya game wannan. Nasihar tana da ladabinta, wanda ya dace da umarnin tabbatar da labari da ke aya ta 6 ta Suratul Hujurat: mai kai rahoton aibi ya fara tabbatar da cewa ba daga wayarsa ko kyamararsa matsalar take ba, ya faɗi zubin da yake aiki da shi, ya jera matakan da za a bi a sake ganin aibin, ya guji zagi da ƙari. Haka kuma idan gyara ya fito, ɗaukarsa ta zama nauyin mai shago, domin gyaran da aka yi shekaru da suka wuce ba ya amfanar wanda ya zauna a kan tsohon zubi. Tsadar data da ƙarancin wutar lantarki a karkara uzuri ne na jinkiri, amma ba sa hana mutum gaya wa mai aikin iyakar abin da kayansa suke iyawa.

Kammalawa

Amsar tambayar da aka ɗora wannan bincike a kanta ita ce nauyin aibi yana rarrabuwa gwargwadon sani da iko. Marubucin manhaja ba shi da zunubin aibin da bai sani ba, amma da ya sani sanarwa ta hau kansa, kuma gyara ya zama kyautatawar da ake nema daga gare shi ko daga waɗanda suka gaje aikinsa. Mai shagon da ya karɓi kaset ko ya ɗauki taro mai sana'a ne da aka ba amana, don haka gwada kwafi da asali, da adana asalin, da faɗa wa mai aiki gaskiyar abin da ya zube, suna cikin sana'ar kamar yadda riƙe kyamara yake cikinta. Mai turawa da mai kallo kuwa an nemi su tuna cewa abin da ya iso wayarsu ya ratsa hannuwa da na'urori da yawa kafin su gina hukunci a kansa ko su jingina wa malami magana. Musuluncin da ya yi wa mai ijtihadi alkawarin lada ko da ya kuskure shi ne ya kira ɓoye danshin abinci ha'inci, kuma babu karo tsakanin hukunce-hukuncen biyu, domin na farko rahama ce ga mai aiki, na biyu kuma kariya ce ga wanda ya dogara da aikin. Allah shi ne mafi sani.